Shafin godiya

Da ta kammala kundin digirinta na biyu a ilimin kwamfuta, shafin godiya ne ya fi ba ta wuya.

Aikinta shi ne koya wa na'ura rarrabe kalmomin Hausa. Saura wata biyu ta gurfana gaban masu tantance kundi, sai wani abokin karatu daga sashen nazarin harsuna ya duba sakamakon ya ce: "Malama, na'urarki ta ɗauki ƴaƴa da 'ya'ya kalmomi biyu ne daban." Haka ne kuwa. Nijar tana rubuta ƴ, Najeriya tana rubuta 'y, ita kuma ta gwamutsa matanin ƙasashen biyu. Lissafin wata bakwai ya rushe.

Ta je wurin malamin da ke duba aikinta tana jiran faɗa. Shi kuwa kujera ya jawo mata, suka bi matanin layi-layi har magariba, cikin zafin Afrilu na Yamai, ga azumi a baki. Ya ce kuskuren ya cancanci babi guda, ta rubuta shi.

Sunan malam ta fara sawa, sannan na abokin. Mai gadin da yake bar mata ɗakin kwamfuta a buɗe da dare kuwa, sai da ta koma ta tambaye shi cikakken sunansa.