"Ka Ci Abinci?"



Mamata manomiyar citta ce a wani ƙauye kusa da Kachia. Wanda ya san noman citta ya san ba wasa ba ne: a shuka da farkon damina, a yi ta cire ciyawa, da kaka a tone, a tsaga, a shanya. Da wannan wahalar ta riƙe karatuna tun bayan rasuwar Baba.

A ƙarshen 2022 ta sayar da buhu biyu, ta turo mini kuɗin makaranta. Ban biya ba. Na zuba su a cacar ƙwallo ta waya, wai zan ninka su. Kafin mako ya zagayo babu ko sisi. Wata uku ina yi mata ƙarya, ranar Lahadi kuma ina tsaye cikin mawaƙa kamar ba abin da ya faru. Da jarrabawa ta zo aka hana ni shiga, dole na kama hanyar gida.

Na same ta a bakin murhu. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran zagi. Ta daɗe shiru, ta share ido da gefen zane, sannan ta ce, "Ka ci abinci?" Ta zuba mini tuwo. Ban taɓa cin tuwon da ya yi mini wuyar haɗiya kamar na ranar ba.

Kada ku ɗauka ta rufe ido ga laifina. Da gari ya waye ta kai ni wurin fasto na sake faɗa da bakina, da damina ta faɗi kuma ta miƙa mini fartanya. Amma da Kawu ya ce ta ƙyale ni in ɗanɗana kuɗata, sai ta ce, "Yaya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

A daminar 2023 cuta ta afka wa citta a Kudancin Kaduna, gonarmu ma ta ruɓe. Na ce shi ke nan, karatu ya ƙare. Mama ta fara suyar ƙosai a bakin hanya, ta shiga adashe da matan zumunta. Da asuba nakan ji ta tana addu'a. Ban taɓa jin ta roƙi Allah ya mayar mata da kuɗin ba. Sunana take kira. Bayan shekara guda na koma makaranta da kuɗin ƙosai.

A Ishaya 49:15 Ubangiji ya kwatanta ƙaunarsa da ta uwa mai shayarwa, ya kuma nuna tasa ta fi. Tun ina yaro na haddace ayar, amma a bakin murhun Mama na gane ta: an karɓe ni tun kafin in gyara komai.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana ɓoye wani abu, koma gida ka faɗa. In mamarka tana da rai, kira ta yau ka ce na gode, kada ka jira sai ranar jana'iza. In ta riga mu gidan gaskiya, ka gode wa Allah domin wadda ta tsaya maka a madadinta.

Ya Ubangiji, ka ƙara wa iyayenmu mata lafiya, ka sa su ci amfanin wahalarsu. A cikin sunan Yesu, amin.