Majalisar Masu Neman Rabuwa da Kwalba

Daga cikin darussan da tsawon rai ya koya mini, bayan na zauna da mutane iri-iri, na kuma ga waɗanda Allah Ya jarrabe su da shan barasa, wasu suka tsira, wasu suka tafi kabari da ita, babu wanda ya zauna mini a zuciya kamar wannan, cewa mashayi bai taɓa rasa mai yi masa wa'azi ba, abin da yake rasa shi ne abokin zama wanda ya ɗanɗani irin ɗacin da yake ciki. Ya san hukuncin giya, ya san tana cin hantarsa, ya san 'ya'yansa na sunkuyar da kai idan an ambaci sunansa. Amma da asuba, sa'ad da hannunsa ke karkarwa har ya kasa riƙe buta, ya tauna goro domin ɓoye wari, ya raɓe a ƙarshen sahu, wannan sani duka ba ya isarsa ya kai la'asar bai koma ba.

A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohio ta Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi watanni bai sha ba, ya ji sha'awar ta taso masa a baƙon gari, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi ɗan'uwansa, aka kai shi wurin wani likitan tiyata, Bob Smith. Daga wannan zama ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, a 1939 kuma ta fitar da littafinta mai ɗauke da matakai goma sha biyu. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato niyyar daina sha; ba a biyan kuɗin rajista, ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne, abin da aka faɗa a majalisa amana ne, kuma ana ɗaukar alkawarin ƙauracewa na yini guda ne, gobe a sabunta shi. A 1989 Musulmi a birnin Baltimore suka kafa tasu mai suna Millati Islami, bisa wannan tsari, suka gina shi a kan tauba da tawakkali.

Wanda ya yi karatu a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shari'a kanta ta bi da al'amarin giya sannu a hankali, daga ayar Baƙara da ta bayyana rinjayen zunubinta a kan amfaninta, zuwa ta Nisa'i da ta hana kusantar salla cikin maye, har ta Ma'ida da ta yanke hukunci. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa an sha kawo wani sahabi saboda sha, da wani ya la'ance shi sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da ManzonSa.

To, wanda ya ƙudurta neman irin wannan majalisa, ya fara da likita, domin wanda jikinsa ya saba da sha mai yawa, idan ya yanke farat ɗaya, yana iya faɗawa cikin farfaɗiya da ruɗewar hankali a kwanaki biyu ko uku na farko, har ta kai ga rasa rai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, akwai kuma sashen ba da shawara na hukumar NDLEA. Ya tambaye su, ba tare da kunya ba, inda masu murmurewa suke haɗuwa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai wayar hannu kuma zai sami zaman da ake yi ta intanet. Ya kiyayi duk wurin da ake sa mari a ƙafa ko a yi duka da sunan gyaran tarbiyya, irin waɗanda 'yan sanda suka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019. Idan kuwa garinsa babu majalisa, mutum biyu masu gaskiyar niyya, da tabarma, da rana guda tsayayya a mako, sun isa su fara.

Kirana ga limamai da masu unguwanni da iyayen gida shi ne, ku ba waɗannan bayin Allah aron zaure ko ajin makaranta bayan isha'i, kada ku leƙa ku ga wa ya zo, kuma wanda ya zame ya dawo ku bar masa ƙofa a buɗe. Ku suturta su, Allah Ya suturta ku duniya da lahira.