Dogon Hutu a Bakin Ruwan Kunci

Duk wanda yake so ya san an ba 'yan makaranta hutu, ba sai ya tambayi hedimasta ba. Ya je tashar mota da sassafe kawai, ya ba idonsa abinci. Haka na gani a Kano cikin watan Agusta na 2025, sa'ad da na tashi zuwa Kunci domin in kai 'ya'yan ƙanwata su uku wurin kakarsu. Babban yana da shekara 13, ta tsakiya 9, ƙaramin kuwa bai cika 6 ba tukuna.

Motar da muka shiga ta mutum 18 ce. Da ɗan kamasho ya ƙidaya ya ce ta cika, sai ni ma na ƙidaya a zuci, na sami kai 27. Ba ƙarya ya yi ba, gama a lissafin tasha yaron da aka ɗora a cinya ba fasinja ba ne. Ba ya biyan kuɗi, saboda haka ba ya shiga ƙidaya. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin za mu sake gamuwa da shi a bakin ruwa.

Muka bi hanyar Katsina, muka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, muka kai Bichi, daga nan muka karkata arewa. Wanda ya san ƙasar nan da rani kaɗai, in ya zo da damina sai ya yi tsammani ɓatan kai ya yi. Gona na bin gona, babu daji ko kaɗan a tsakani. Gero ya fid da kai, dawa tana biye da shi, ga wake da gyaɗa a ƙarƙashi sun rufe ƙasa. Kafin ka bar inuwar wani ƙauye, ka hango kukokin na gaba. Gawo ne kaɗai ya tsaya tsirara ba ganye, kamar yadda ya saba yi da damina, har ƙaramin yaron ya tambaye ni ko mutuwa ya yi. Na ce masa da ransa, shi dai ba ya bin kalandar sauran itatuwa.

A shekarar 2024 gwamnatin Jihar Kano ta sauya sunan ƙaramar hukumar daga Kunci zuwa Ghari, domin mutanen ƙasar sun daɗe ba sa jin daɗin suna mai kama da ƙunci. Amma a tasha da kasuwa, in ka ce Kunci kowa ya san inda ka nufa, ni ma da shi bakina ya saba.

Dogon hutu a ƙauye iri biyu ne, ko da yake rana ɗaya ake ba da shi. Ɗan ƙauye ba ya hutawa. Ya ajiye littafi ya ɗauki fartanya, ko ya yi ciyawar awaki, ko a tura shi korar tsuntsaye daga gero. Ɗan birni kuwa, wanda aka aiko wurin kaka, shi ne mai hutun gaske. Ba a sa shi noma, gama hannunsa zai yi kanta a rana ɗaya, kakarsa kuma ba za ta yarda ba. To, yaron da ba shi da aiki, ga kuma ruwa kusa, ina kake tsammani zai nufa?

A da ƙasar nan ba ta da babban ruwa, sai rafuffukan da ke gudu da damina su ƙafe da rani. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulkin Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga datse koguna. Aka yi Bagauda da Tiga a kudu, daga baya aka yi Tomas da Watari da Gari a arewacin jihar. Noman rani ya samu, kifi ya samu, an gode. Amma ruwan ya zo wa mutanen da kakanninsu ba su san iyo ba, ya kuma raba waɗansu ƙauyuka da kasuwarsu, har ya zama hanyar da ta fi kusa ita ce ta kwalekwale. Dogon hutu kuma yakan faɗo daidai lokacin da madatsun nan suke cika maƙil.

Rana ta huɗu da zuwanmu yaran suka matsa sai an kai su su ga ruwan Gari. Kakarsu ta ce, "Kai ne babba, in ka kai su ka dawo mini da su uku cif." Muka tafi da hantsi. A bakin ruwa muka tarar da masunta suna gyaran koma, da wani dattijo mai kwalekwale wanda yake yin fito. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, muka zauna a gindin wata tsamiya. Na tambaye shi yadda kasuwa take.

Ya ce, "Malam, ai yanzu ne kakarmu. In ana karatu, sai in wuni ban ɗauki yaro biyar ba, sai mata masu zuwa kasuwa da masu kai taki. Amma da an ba da hutu, ko Salla ta zo, ko ana biki a ƙetare, rabin jirgina yara ne. Waɗansu ma ba inda za su, so suke kawai a zaga da su a dawo."

Wannan magana tasa ta tuna mini da abin da ake yi a ƙasashen Turawa, sai na ba shi labari. Akwai manyan jiragen ruwa a teku waɗanda ba kaya suke ɗauka ba, ba kuma kai mutum wani gari ne aikinsu ba. Mutum ya biya kuɗi, ya shiga da iyalinsa, a yi mako guda ana yawo da su daga tsibiri zuwa tsibiri, sa'an nan a komo da su inda aka ɗauke su. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Icon of the Seas, ya fara aiki daga birnin Mayami na Amurka a watan Janairu na 2024. Tsawonsa ya kai wajen mita 365, yana kuma iya ɗaukar fasinja kamar 7,600, ban da ma'aikata. A cikinsa akwai ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da tafkunan wanka, da ɗakunan wasa na yara inda ake raba su bisa ga shekarunsu.

Dattijon ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Ashe su ma suna da masu cewa a zaga da su a dawo!"

Na ce ƙwarai, kuma kalandar makaranta ce take juya su kamar yadda take juya shi. A Turai da Amurka dogon hutu yana kamawa tsakanin Yuni da Agusta, sai kuma hutun Kirsimeti da na Ista. A waɗannan makonni jiragen sukan cika da yara, kuɗin ɗaki kuma ya hau. Da an koma makaranta a Satumba, sai kuɗin ya sauka, jirgin ya koma na tsofaffi masu cin fansho, waɗanda da gangan suke jira sai hayaniya ta lafa. Iyaye da yawa sukan so su cire yaro daga aji su tafi lokacin araha, amma a Ingila akwai tara a kan haka. Daga watan Agusta na 2024 tarar ta zama fam 80 a kan kowane yaro. Don haka iyalai duka sukan taru a 'yan makonni ɗaya, masu jirgi kuma sun san da zuwansu tun shekara guda kafin ranar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da jiragen nan ba girmansu ba ne. Ƙidayarsu ce. Bayan da Titanic ya nutse a 1912 da mutum fiye da 1,500, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku, ana ta gyara ta har zuwa yau. A ƙarƙashinta kowane rai da ke cikin jirgi a rubuce yake, har jariri na goye. Dole a tanadi rigunan ruwa ƙanana daidai jikin yara, aƙalla kashi 10 cikin 100 na yawan fasinja, in kuwa yaran sun fi haka sai a ƙara har kowane yaro ya sami tasa. Ana kuma nuna wa kowa inda zai tsaya in hatsari ya auku, tun jirgi bai yi nisa da gaɓa ba. Wato a wurinsu in hutu ya ƙara yawan yara, shirin ma sai ya ƙaru.

Muna cikin wannan hira fasinja suka taru. Na ƙidaya manya 9, da buhun masara 2, da akuya, da keke. Yara kuwa, har da nawa uku, 11 ne. Na tambayi dattijon, "Baba, mutum nawa jirgin nan yake ɗauka?" Ya ce goma sha biyu. Na ce to ai mun kai ashirin. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Haba Malam, tara ne fa. Sauran ai yara ne."

Ga lissafin tasha ya biyo mu har bakin ruwa. A mota, in an yi wannan lissafi, abin da za a sha shi ne matsi da zafi. Amma ruwa bai san rabin kuɗi ba. Yaro mai shekara 10 nauyinsa ya kusa rabin na babban mutum, yara 11 kuwa sun kai manya biyar ko fiye. Ban da nauyi, yaro ba ya zama wuri ɗaya. In ɗaya ya ga kifi ya yi tsalle, sai duka su ruga gefe guda su leƙa. Rigar ruwa kuwa ko ɗaya ban gani ba, sai wata tsohuwar jarka da aka ɗaure a gindin jirgin.

Ba tsoron banza nake ji ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2021, da yamma, wani jirgin fito ya kife a madatsar Watari, yana ɗauke da mutane daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai, ba nisa sosai da inda muke zaune. Yawancin waɗanda ke ciki 'yan makarantar Islamiyya ne masu zuwa bikin Mauludi. Zuwa washegari an tsamo gawa 29, ana kan neman waɗansu, hukuma kuma ta ce lodi ne ya yi yawa. Ranar ba hutun zango ba ce, amma irin ranar ce da yara suke fita hanya gaba ɗaya, jirgin da ya saba ɗaukar 'yan kasuwa kaɗan ya sami taron da ya fi ƙarfinsa. Duk iyayen ƙasar nan, Musulmi da Kirista, sun yi makokin yaran nan. Dattijon ma ya san labarin. Da na ambata shi sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Kuɗin fito kaɗan ne, iyaye kuma ba sa yarda su biya wa yaro cikakken kuɗi. In ya ce zai yi sawu biyu, wahalar tuƙi ta ninku, kuɗin bai ninku ba. Mu iyaye da muke murna an ɗauki ɗanmu kyauta, mu ne muka koya masa kada ya ƙidaya shi.

Na ce masa, "Baba, ka kai waɗannan ka dawo. Ni zan biya wa yarana kuɗin manya, da na yara huɗun nan da ba su da babba tare da su, mu yi sawunmu dabam." Wata mata ta ce 'yan birni sun cika tsoro. Na ce na yarda. Babban yaron ya ɓata rai, ya ce, "Kawu, ai na iya iyo." Iyon da ya iya kuwa na kududdufin unguwa ne, inda ƙafarsa take taɓa ƙasa.

Muka jira fiye da sa'a guda kafin jirgin ya komo. Muka shiga mu tara har da dattijon. Na zaunar da yaran a tsakiya, biyu biyu, na ce duk wanda ya miƙe tsaye mun fasa. Ruwan ya kwanta lumui. Muka ga balbelu jere a kan wani busasshen itace da ruwa ya ci, da wani masunci kwance a kan gora yana duba ƙugiyoyinsa, daga nesa kuma gonakin gero sun sauko har gaɓa. Ta tsakiyar ta sa yatsunta cikin ruwa, ta ce sanyi kamar na randa. Ƙaramin bai ce uffan ba, ya dai riƙe rigata da hannu biyu har muka komo.

Da muka sauka, dattijon ya karɓi kuɗinsa ya ƙidaya, sa'an nan ya ƙidaya yaran da sandar tuƙinsa, ɗaya ɗaya har bakwai, yana murmushi. Ya tambaye ni nawa ake sayar da rigar ruwa ta yara a Kano. Na ce zan tambayo masa in na zo ɗaukar yaran a farkon Satumba.

Muka isa gida da la'asar. Kakarsu tana zaune a ƙofar gida tana tsinkar zogale. Ba ta amsa sallamata ba sai da ta ga na ukun ya shigo.