Ni Da Ƙoshiyar Kekena

'Yan'uwana 'yan mata, saura kwana tara Sallah ƙoshiyar keken ɗinkina ta karye. Wata huɗu kacal da sayensa a kasuwar Sabon Gari, da cinikin littafina na biyu. Ga atamfofin mutane har turmi goma sha ɗaya jibge a kan gado, kuɗin kafin alƙalami kuwa tuni na cinye.

Wadda ba ta ɗinki ba za ta gane ba. Ƙoshiya ce ke cafko zaren sama ta sarƙe shi da na kwarkwaro. In bakinta ya gutsire, sai dai ki yi ta taka keke zare yana tsinkewa.

Mai shago ya ce shi sayarwa ce tasa, in kira lambar kamfani da ke jikin takardar garanti. Wata mai zaƙin murya ta ce, "Hajiya, turo hoton rasit." Na tura. Washegari wani ne ya ɗauka, wai ni na yi ganganci. Ni 'yasu! Kwana uku ana raina mini hankali, katina yana ƙarewa.

Yayata ce ta ce in ambaci FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Ina ambata kuwa murya ta sauya: "Haba Hajiya, abin bai kai nan ba."

Sabuwar ƙoshiya ta iso ranar jajibere. Kafin nan da keken maƙwabciyarmu nake kwana, na ɗinke turmi goma. Mai na sha ɗayan har yau ba ta amsa gaisuwata.