Mai Jiki a Maƙogwaron Kogo: Tsakanin Matsatsi da Ruwa

A tsaunukan Mendip da ke yankin Somerset na ƙasar Ingila, kusa da ƙauyen Priddy, akwai wani rafi da ke kwarara ya ɓace cikin ƙasa. Ramin da yake faɗawa shi ake kira Swildon's Hole, kogo ne da ruwa ya daɗe yana sassaƙawa cikin dutsen farar ƙasa, har tsawon hanyoyinsa da aka auna ya zarce kilomita 9. Wanda ya bi rafin yana gangarawa zai isa wani wuri inda rufin kogon ya sunkuyo ya taɓa ruwa, sai wata igiya da ta nutse ta ɓace ƙarƙashin dutse. Wannan shi ne mashigin nutso na farko, kuma tsawonsa kimanin mita 1 ne kacal. A 1934 Graham Balcombe ya gwada ratsa shi da wata na'urar numfashi da ya harhaɗa, har da ƙarfen keke a cikinta, bai yi nasara ba. Sai a watan Oktoba na 1936 Jack Sheppard ya ƙetare, sanye da rigar nutso da ya haɗa da hannunsa. A yau masu kutsa kogo suna wuce shi da numfashi guda, ba tare da tulun iska ba.

Siririn mutum yakan ɗauki wannan mashigi a matsayin gwajin zuciya kawai. Mai jiki kuwa, wato ƙato mai faɗin ƙirji ko mai ƙiba, gwaji biyu ke gabansa a lokaci ɗaya, kuma maganin ɗayan shi ne cutar ɗayan. Dabarar wuce matsatsi a busasshen wuri ita ce mutum ya fitar da iskar huhunsa, haƙarƙarinsa ya lotsa, ya ja jiki kaɗan, ya shaƙa, ya sake fitarwa. Dabarar wuce ruwa kuma ita ce ya cika huhun ya riƙe. Inda ƙunci da ruwa suka haɗu a wuri guda, cikakken ƙirji ba zai shige ba, ƙirjin da aka zazzage kuma ba shi da abin da zai rayu da shi idan tafiya ta tsaya ko da na daƙiƙa goma. A kan wannan saɓani ne duk wata shawara mai amfani ga mai jiki ta ginu, shi ya sa ƙa'ida ta farko take da tsauri: mashigin da ba zai wuce shi da cikakken numfashi ba, kada ya shige shi a cikin ruwa.

Abin da ke biye shi ne sanin ma'auni, kuma a nan ne mutane da yawa suke yi wa jikinsu mummunar fahimta. Mai tumbi yakan tsorata fiye da kima, alhali tumbi nama ne da kitse, yana lotsawa, yana gocewa gefe. Abin da ba ya lotsawa shi ne ƙashi: kaurin ƙirji daga gaba zuwa gadon baya, da ƙashin ƙugu. Sau da yawa ƙaƙƙarfan mutum mai murɗaɗɗen jiki, wanda babu kitse a tare da shi, ya fi mai teɓa shan wahala. Kafaɗa tana da tata dabara, domin idan aka miƙa hannu ɗaya gaba aka kwantar da ɗayan a gefen cinya, faɗinta yana raguwa sosai. Ƙungiyoyin masu kutsa kogo suna da wani akwatin katako da ake ƙara ko rage tsayin bakinsa, mutum ya kwanta ya ratsa, a ci gaba da ragewa har ya kasa. Wasa ake ɗaukarsa a wurin taro, ana shewa da dariya, amma ga mai jiki babu darasin da ya fi shi. Ya kamata ya gwada da kayan da zai sa a kogo, ya kuma riƙe lamba biyu a kansa: wadda yake wucewa bayan ya fitar da iska, da wadda yake wucewa ƙirji cike. Ta biyun ce kaɗai ke aiki a cikin ruwa.

Haɗarin dogaro da lamba ta farko ya bayyana a kogon Nutty Putty da ke jihar Utah ta Amurka a watan Nuwamba na 2009. John Edward Jones, ɗalibin likitanci ɗan shekara 26, mai nauyin kusan kilo 90, ya kutsa da kai cikin wata ƙaramar hanya mai gangarawa ƙasa wadda bakinta bai wuce santimita 25 da 46 ba. Ya maƙale kansa a ƙasa, masu ceto suka yi fiye da yini da kwana suna fama, bai fito ba, daga baya aka toshe kogon da kankare. Babu ruwa ko ɗigo a wurin. Haƙarƙari kamar ƙugiya yake, yana zamewa ya wuce leɓen dutse idan an matse shi, sa'annan ya buɗe a bayansa ya hana komawa. Saboda haka duk hanyar da ba a sani ba, mai gangarawa, da ƙafa ake fara shigarta.

Kayan sawa ma suna da nasu hukunci. Ruwan kogunan ƙarƙashin ƙasa na Ingila yakan tsaya kusan digiri 10 ko ƙasa da haka duk shekara, don haka ake sa rigar roba mai kauri irin ta masu nutso. Rigar tana ƙara wa ƙirji kauri, tana kuma ɗaga mutum sama kamar goran masunta. Idan aka haɗa ta da kitse da cikakken huhu, mai jiki yakan ji bayansa ya manne da rufin mashigi, inda duk wani tsinin dutse ke jiran ya kama shi. Shi ya sa ake shawartarsa ya ja kansa ƙasa da gangan, ƙirji na shafar tsakuwa, yana jan igiya hannu bayan hannu maimakon harba ƙafa, kuma a dogayen mashigai wasu sukan ɗaura dalma a ƙugu. Ɗamarar hawa igiya, da jaka, da duk abin da ke aljihun ƙirji, a cire su a tura gaba. Adalci ne a faɗi cewa kitsen nan yana da ranarsa: a cikin sanyin da ke sa siriri karkarwa, mai jiki ya fi daɗewa da ɗuminsa.

Akwai wani nau'in mashigi da ya fi na nutso yaudara, wanda ruwa bai cika shi ba, ya bar 'yar tazarar iska kamar faɗin tafin hannu a ƙarƙashin rufi. Ana ratsa shi a rigingine, hanci a sama, a cire hular kwano a riƙe ta a gaba domin kai ya samu wuri. Matsalar mai jiki a nan ita ce shi kansa yake cinye iskar, domin girman jikinsa yana tura ruwa sama, kowane motsi kuma yana tayar da igiyar ruwa da za ta doki bango ta dawo masa a fuska. Sai ya bari ruwan ya kwanta bayan wanda ya riga shi, ya shiga sannu, kuma inda aka saba kwashe ruwa kafin a wuce, kada ya ji nauyin neman a ƙara kwashewa. Kafin nutso kuwa, ya zauna cikin ruwan ya jiƙa fuska har haki na farko da sanyi ke jawowa ya lafa. Jera dogayen numfashi da sauri kafin nutsewa kuskure ne, domin yana danne alamar da jiki ke bayarwa ta buƙatar iska, mutum ya suma bai ankara ba.

Wurinsa a jerin tafiya shi ne tsakiya, da gwani a gaba wanda zai miƙo hannu ya jawo shi, da wani a baya wanda zai iya janyo ƙafarsa, bayan an yi yarjejeniya kan ma'anar kowace fizgar igiya. Na gaban shi ne kuma zai shafa ƙasan mashigin ya ba da labari, saboda ambaliya tana tara tsakuwa, wurin da ya wadata bara yana iya ƙuntata bana. Ruwan sama a waje shi ne babban alƙali. A ranar 24 ga Yuni, 1967, mutum shida suka rasu a kogon Mossdale na yankin Yorkshire lokacin da ruwa ya cika ƙananan hanyoyin da suke rarrafe a ciki.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne kunya. Ƙato ya saba a ce shi ne ƙarfin tafiya, mai ɗaukar kaya mafi nauyi, sai ga shi a bakin wani ɗan rami yarinya 'yar shekara sha shida ta wuce shi tana murmushi. A irin wannan lokaci ne mutum yake kutsawa inda hankalinsa ya hana shi. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma abokan tafiya nagari su ne waɗanda ba sa mayar da janyewarsa abin ba'a, suna kuma tsara tafiyar yadda wanda ya tsaya ba zai zauna shi kaɗai cikin jiƙaƙƙun kaya ba. Wanda ya yanke shawarar wucewa a Swildon's Hole kuma ya tuna cewa masu komawa ta hanyar da suka bi sau biyu suke ratsa mashigin, na biyun da gajiya da sanyi a jiki. Bayansa akwai doguwar tafiya ana haurawa gaba da ruwa, da tsanin kusan mita 6 a gefen magangarar ruwa, wanda mai kilo 100 zai hau da hannuwan da suka riga suka yi sanyi.