Ina kan burtun gidanku ya tafi?



Shekaranjiya ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ta Damagaram ya aiko mani da wani hoto ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, duba wannan, kamar na Kaka." Kan burtu ne, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi, an ajiye shi cikin gilashi a wani gidan tarihi na Turai. Ƙarƙashinsa an rubuta Hausa, Nijar ko Najeriya, ƙarni na 20. Shi ke nan. Babu sunan wanda ya sassaƙa shi, babu na wanda ya yi harbi da shi, ko sunan garin babu. Wallahi daren nan barci bai zo mani da wuri ba.

Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin abin ba, bari in kwatanta. Burtu tsuntsu ne baƙi ƙato, ya fi son tafiya a ƙasa da tashi, yana tsince-tsincen fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Namun daji sun saba da shi, ba su gudunsa. Maharbanmu na da suka lura da haka sai suka ari kamanninsa. Na kakana bakin burtun gaske ne aka haɗa da wuyan itacen dashi, aka lulluɓe da baƙar fata, aka jera idon zakara ja-ja a kansa da kakin zuma, da ɗan madubi a maƙogwaro. Ga layu biyu a gindin, ga igiyar fata ta ɗaurawa. Maharbi zai yafa baƙin zane ya duƙa, iska tana bugo shi ta gaba don kada barewa ta ji warinsa, ya riƙa matsawa yana caccakar ƙasa har ya kai inda kibiya za ta isa.

Namu yana rataye a wani ɗan itace da aka kafa a bangon zaure, mu yara ko taɓa shi ba mu yi. A yunwar 2005, bayan fara da fari sun gama da gonaki, wani dillalin kayan da ya biyo ƙauyuka a kan babur. Kaka ya riga ya rasu. Aka ba shi kan a jika goma sha biyar, kuɗin da a shekarar bai kai na buhun hatsi ba. Ban ga laifin kowa ba, gidan da tukunya ba ta hau wuta ba ba ya zancen tarihi. Abin da ke ci mani rai shi ne mutumin bai tambayi komi ba. Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa bakin da farce, ya tura a buhu. Ban ce na cikin hoton nan shi ne namu ba. Amma ko da shi ne, da me zan shaida?

Abin ya sa na shiga binciken yadda wasu ƙasashe suka yi da irin waɗannan kaya, sai na faɗa kan Meksiko, ƙasar da ta yi suna wajen fuskokin itace na bukukuwa. Kai, na yi mamaki. Ƙabilar Yaqui ta jihar Sonora suna da rawar barewa, mai rawar yana ɗaura kan barewa bisa nasa kai, yana waige-waige da zabura kamar dabbar da ta ji motsi. Mu maharbi ne ya zama tsuntsu, su mai rawa ne ya zama naman. Ƴan Purepecha na jihar Michoacan kuwa suna da rawar tsofaffi, samari su sa fuskar tsoho, su dogara sanda, su ranƙwafa suna karkarwa. Da na kalla sai na ce, wannan ai Tsoho da Gemu ne na tashen azumi!

Su ma sun sha tuntuɓe. Wani Ba'amurke mai suna Donald Cordry ya yi shekaru yana tara fuskokin, littafinsa Mexican Masks ya fito a 1980, bayan rasuwarsa. Daga baya masana suka gano cewa da yawa daga cikin abin da ke ciki ba a taɓa yin rawa da su ba. An sassaƙa su ne don sayarwa, dillalai suka ƙaga masu gari da biki da labari, shi kuma ya rubuta. Sai dai akwai wata likita, Ruth Lechuga, haifaffiyar Ostiriya da ta shiga Meksiko a 1939. Ita takawa take yi har ƙauyen ranar bikin, ta ɗauki hoton fuskar tana kan mai ita, yana cikin rawa. Kayanta suna gidan tarihin Franz Mayer a babban birnin ƙasar, kuma ana dogaro da su domin an san inda suka fito.

Ganin haka jiya da hantsi na hau babur na nufi wani tsoho abokin farautar Kaka, can arewa da Belbeji. Ya haura tamanin, ido ya yi rauni, amma nasa kan yana nan cikin wata tsohuwar jakar fata. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, so nake in ɗauki hotonsa." Ya miƙo mani, na jingina shi da bango na ɗauka sau uku. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, itace ka ɗauka. Burtu a wuya yake."

Ya sa na ɗaura masa. Ya dafa ƙasa da ƙyar, ya yi taku uku, ya tsaya cak, ya karkata kai gefe guda kamar mai sauraro, sannan ya kai caka ɗaya. Tsigar jikina ta tashi. Tsohon da na taimaka wa ya fito daga ɗaki ya ɓace, tsuntsu nake gani. Ya ce sabon shiga yakan yawaita caccaka, nan take barewa ta gane. Ya ce wani lokaci sai ka juya mata baya kamar ba ruwanka da ita, kuma burtu ba ya miƙe hanya. Babu ɗaya cikin wannan da gilashin Turai zai gaya maka. Ni kuwa, don sakarci, sai da ya zauna yana haki na tuna ban danna bidiyo ba.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da kayan maharba masu layu. Wani kuma ya ce farauta ai doka ta taƙaita ta. Duka na ji. Ba cewa na yi a koma daji da baka ba, barewar ma ina take? Tun farin 1973 da na 1984, wanda iyayenmu ke kira El Buhari, dajin Damargu ya yi shiru, motoci da bindigogin zamani suka ƙarasa saura. Batun layu kuwa, rubuta cewa kakanka ya ɗaura su ba ya nufin kai ka ɗaura. In ba mu faɗi yadda abin yake ba, dillali zai faɗa a madadinmu, kuma nasa labarin ne zai shiga littafi.

Ba burtu kaɗai ba. Daga goma ga azumi yaranmu na fitowa tashe da gemun auduga da fuskar ƙwarya ko ta kwali, kafin sallah an jefar. A Damagaram ga wasan kara, inda ake kwaikwayon manya da kayan da aka ƙera da karan dawa. Waɗannan ba su jiran dillali ma, gara da akuya sun ishe su. Kusan kowane gida yanzu akwai wayar da ke ɗaukar hoto da murya. In akwai irin kayan nan a gidanku, ku nemi izinin mai shi tukuna, sannan ku bar shi ya faɗa da bakinsa: wa ya yi shi, da wane itace, a wane gari, wa ya koya masa. In zai iya motsawa da shi, ku ɗauka. Ku tura wa dangi biyu ko uku, don waya tana faɗawa rijiya.

Da zan tafi na roƙi Baba ya sake yi mani tafiyar in ɗauka. Ya shafa gwiwa ya ce in bari sai bayan kaka, in sanyi bai shigo da wuri ba. Na ce masa Juma'ar nan zan dawo da man zafi.