Taswirar Baba

Ranar da na kawo Honda CR-V ɗina 'yar Kwatano gida Tudun Wada, Baba na fara ɗauka. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa Fijo 504, yau ga shi ido ya tafi. Ya shafa kujerar fata, ya lalubo allon gaba.

"Wannan gilashin fa?"

"Kyamarar baya ce Baba, da taswira."

Sai dai taswirar titunan Amurka kaɗai ta sani. Na kunna masa ɗumin kujera saboda hunturu, muka ɗau hanya. Can sai ya ce, "Rage gudu, mun iso Ƙofar Doka."

Wallahi nan ɗin ne. Ƙwalla ta cika min ido. Har yau shi nake tambaya hanya.